Bin Yayi ko Komawa Gida: Shari'ar Kundin Roots na Sepultura

A watan Fabrairun 1996 kamfanin Roadrunner ya fitar da kundin waƙoƙi na shida na wasu makaɗa huɗu 'yan Barazil, masu kiran ƙungiyarsu Sepultura. Sunan kundin Roots. Ya hau mataki na 4 a jadawalin ciniki na Birtaniya da na 27 a jadawalin Billboard na Amurka, matsayin da ƙungiyar ba ta taɓa takawa ba. Duk da wannan nasara, masu sauraron kiɗan metal ba su daina gardama a kansa ba har yau. Wani ɓangare na ganin a nan ne Sepultura ta yi watsi da salon thrash da ya ɗaukaka ta, ta bi yayin samarin Amurka don kada kasuwa ta bar ta a baya. Ɗaya ɓangaren na ganin a nan ne ta fara magana da muryarta. Hujjojin da ke ƙasa sun fi goyon bayan ɓangare na biyu. Sepultura ta canza, kuma ta ari wasu abubuwa daga yayin da ake ciki, amma jigon canjin daga gida ta ɗebo shi, ta kuma fara ɗebo shi tun kafin yayin ya kankama. Shi ya sa kundin ya rayu, alhali yawancin abin da takwarorinta suka yi don gamsar da kasuwar wancan lokaci an manta da shi.

Thrash reshe ne na kiɗan metal da ya tsiro a farkon shekarun 1980, musamman a jihar Kalifoniya da birnin New York na Amurka da kuma yankin Ruhr na Jamus. Samarin da suka ƙirƙiro shi sun haɗa nauyin kiɗan metal na Ingila da saurin kiɗan punk da fushinsa. Abin da ya fito shi ne jita mai kaifi da ake kaɗawa da gudun tsiya, ganguna masu bugun ƙafa biyu, da murya mai tsawa wadda ke maganar yaƙi, makaman nukiliya, zalunci da mutuwa. Metallica da Slayer sun fitar da kundinsu na farko a 1983. Shekarar 1986 ita ce ganiyar salon: a cikinta aka samu Master of Puppets na Metallica, Peace Sells na Megadeth, da Reign in Blood na Slayer, wanda ya tattara waƙoƙi goma cikin ƙasa da rabin awa. A wannan duniyar, gudu da gwanintar yatsa su ne ma'aunin daraja, kuma duk wanda ya sassauta ana yi masa kallon wanda ya ci amanar jama'a.

Shekarar 1991 ce ta birkita lissafin. A watan Agusta Metallica ta fitar da kundin da aka fi sani da Black Album, wanda furodusa Bob Rock ya jagoranta. Ta rage gudu, ta gajarta waƙoƙi, ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo, kundin kuma ya sauka kai tsaye a mataki na ɗaya. A watan Satumba Nirvana ta birnin Seattle ta fitar da Nevermind, wanda a Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawali. Kamfanonin faifai suka juya akalarsu zuwa salon grunge, mai sauƙin kiɗa da maganar damuwar rai. Alama ta riga ta bayyana tun a rangadin Clash of the Titans na 1991, inda Megadeth da Slayer da Anthrax suka zagaya Amurka, wata sabuwar ƙungiya daga Seattle mai suna Alice in Chains tana buɗe musu fage. Cikin shekara biyu mai buɗe fagen ta fi wasu daga cikin manyan kasuwa. A farkon 1995 tashar MTV ta soke shirin Headbangers Ball, wanda shi ne babbar tagar da kiɗan metal ke leƙa gidajen Amurkawa ta cikinta.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma kowace ƙungiya ta taka tata rawar. Dark Angel da Death Angel da Exodus sun watse a farkon shekarun 1990. Megadeth ta bi sawun Metallica da Countdown to Extinction a 1992, ta kai mataki na biyu, ta ci gaba da laushi har ta kai ga Risk na 1999, wanda masoyanta da yawa suka juya wa baya. Anthrax ta sauya mawaƙi, ta ɗauko John Bush, ta yi nasara da Sound of White Noise a 1993, amma kundin da ya biyo baya a 1995 ya faɗi, ta kuma rabu da kamfanin Elektra. Kreator ta Jamus ta shafe shekarun tana gwada salo iri-iri kafin ta koma thrash a 2001. Ita kanta Metallica ta fito a 1996 da Load, an aske dogon gashi, kiɗan ya karkata ga rock na gama-gari. Abin lura shi ne kusan dukkansu waje guda suka duba don neman mafita, wato rediyon Amurka da abin da yake so a wannan shekarar. Sepultura kaɗai a cikin manya take da wani wurin dubawa.

Daga Belo Horizonte zuwa dajin Mato Grosso

'Yan'uwa biyu, Max da Igor Cavalera, suka kafa ƙungiyar a 1984 a Belo Horizonte, babban birnin jihar Minas Gerais, dukkansu ba su kai shekara 16 ba. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, gidan ya shiga ƙunci, ƙasar kuma tana ƙarshen mulkin sojan da ya fara a 1964 ya ƙare a 1985. Ayyukansu na farko, waɗanda ƙaramin kamfanin Cogumelo na garinsu ya buga, kwaikwayo ne tsagwaronsa na ƙungiyoyin Turai irin su Venom da Celtic Frost: waƙa da Turancin da ba su iya ba, da surkullen shaiɗan da suka kwaso daga bangon faifan wasu. Zuwan Andreas Kisser mai jita a 1987 ya gyara musu hannu, tare da Paulo Jr. a jitar bas suka cika huɗu. Da Beneath the Remains na 1989 da Arise na 1991 suka shiga sahun gaba na thrash a duniya, har ana kwatanta su da Slayer. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga gardamar, domin masu cewa Roots aro ne sukan manta cewa salon da suke kira na asalin Sepultura shi ma daga waje ya zo. Wanda ya saurari Beneath the Remains ba tare da an gaya masa ba, da wuya ya gane daga wace nahiya makaɗan suka fito.

Juyin ya bayyana ƙarara a 1993 da Chaos A.D., wanda suka ɗauka a sutudiyon Rockfield da ke Wales tare da furodusa Andy Wallace. Gudu ya ragu, bugun Igor ya fara ɗaukar kamannin gangunan titi da na filin ƙwallo na Barazil, jigon waƙoƙin kuma ya koma kan ƙasarsu da duniyar talakawa. Waƙar Manifest ta yi magana a kan kisan gidan yarin Carandiru na São Paulo, inda aka kashe fursunoni 111 a farmakin 'yan sanda a watan Oktoban 1992. Kaiowas kuwa kiɗa ne na jitar katako da ganguna ba murya, wanda suka ɗauka a tsohuwar ganuwar Chepstow don tunawa da al'ummar Guarani-Kaiowá, waɗanda ƙwace musu ƙasa ya jefa da yawansu cikin kashe kai. Duk wannan ya faru shekara guda kafin ƙungiyar Korn ta fitar da kundinta na farko a Oktoban 1994. Hanyar da ta kai ga Roots an riga an share ta tun babu yayin nu metal, wato salon su Korn, da za a bi.

A ƙarshen 1995 suka shiga sutudiyon Indigo Ranch a tsaunukan Malibu tare da furodusa Ross Robinson. Sun sassauta tsirkiyar jitocinsu don sautin ya yi kauri, sun rage dogayen salon nuna gwaninta, sun bar ganga ta ja ragama. Suka gayyato Carlinhos Brown, gwanin kiɗa daga Salvador ta jihar Bahia, wanda ya zo da tarin ganguna da kayan kaɗe-kaɗe, ya kuma rera Ratamahatta tare da Max da harshen Fotugal. Waƙar Attitude ta buɗe da berimbau, bakan kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ƙoƙo, wanda asalinsa ke komawa yankin Angola. Bahia ita ce cibiyar al'adun baƙar fata a Barazil. Tasharta ta karɓi ɗimbin bayi daga Afirka ta Yamma, har da Hausawa, kuma a Salvador ne Musulmin Afirka, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren 1835 cikin watan Ramadan. Gangunan da Brown ya kawo Malibu jikokin wannan doguwar hijirar dole ne. A ɓangaren jigo, Ambush ta tuna da Chico Mendes, jagoran masu tatsar roba da aka harbe a 1988 saboda kare dajin Amazon, wata waƙar kuma ta caccaki juyin mulkin 1964.

Abin da ya fi jan hankalin duniya shi ne tafiyar da suka yi zuwa wani ƙauyen al'ummar Xavante a jihar Mato Grosso. Sun kwana a can, an shafa musu fentin jiki irin na mutanen garin, suka ɗauki waƙar Itsári a fili, muryoyin Xavante da takun ƙafarsu a gaba, jitar katako da ganga suna biye. A tsakiyar kundi mai tsawa da ƙara, wannan waƙa ta zo ba tare da jitar lantarki ko ihu ba, kuma makaɗan birni ne suka daidaita kansu da kiɗan masu masauki. Hatta bangon kundin, wanda Michael Whelan ya tsara, fuskar ɗan asalin ƙasar ce da aka ɗauko daga wata tsohuwar takardar kuɗin Barazil.

Tuhume-tuhumen da ake yi wa kundin

Tuhuma ta farko, kuma mafi ƙarfi, ita ce Sepultura ta kwaikwayi Korn. Akwai gaskiya a ciki, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Robinson shi ne furodusan kundin Korn na farko, a Indigo Ranch ɗin nan aka ɗauke shi, Max ya amsa cewa ya yi masa tasiri, kuma Jonathan Davis mawaƙin Korn ya sa murya a waƙar Lookaway tare da mawaƙi Mike Patton. Daga baya Davis ya fito ya ce kamannin sautin ya ɓata masa rai. Sai dai 'yan Korn da kansu sun lissafa Sepultura cikin waɗanda suka koya daga gare su, don haka aron ya bi ta hanya biyu. Sannan a duba abin da aka aro: kaurin jita da yanayin ɗaukar sauti, wato tufafin kundin. Idan aka cire su, Ratamahatta da Itsári da Attitude da Ambush suna nan da ƙafafunsu, domin ginshiƙinsu bugun ganga ne da labarin ƙasa waɗanda babu su a Bakersfield, garin su Korn. Gwajin ya fi fitowa idan aka kwatanta da Slayer, wadda a 1998 ta sassauta tsirkiya a Diabolus in Musica ba tare da ta kawo wani abu nata sabo ba. Wannan kundin ya zama wanda ita Slayer kanta ba ta cika waiwayarsa ba. Kayan aro ba ya rufe katara, sai in da na gida a ƙarƙashinsa.

Tuhuma ta biyu ta fi nauyi a ma'aunin ɗabi'a. Ana cewa samarin birni, waɗanda mahaifin biyu daga cikinsu ɗan asalin Italiya ne, waɗanda kuma a lokacin sun tare a Phoenix ta Amurka, ba su da hurumin kiran al'adar Xavante tushensu. Sun je daji na 'yan kwanaki, sun ɗauki hoto da fenti, sun sayar wa Turawa abin mamaki. Lokacin ma ya ƙara wa zargin ƙarfi, domin kasuwar duniya tana marmarin gangunan Bahia: Paul Simon ya yi aiki da ƙungiyar Olodum a 1990, Michael Jackson kuma ya ɗauki bidiyo da su a Salvador a watan da Roots ya fito. Gaskiya ne ziyarar kwanaki ba ta mayar da baƙo ɗan gari, kuma gaskiya ne ribar irin wannan haɗuwa ta fi zuwa ga mai kamfani da mai suna. Amma zargin yana ɗaukar Xavante tamkar mutanen da ba su san abin da suke yi ba, tarihinsu kuwa ya ƙaryata haka. Daga cikinsu ne Mário Juruna ya fito, ɗan asalin ƙasa na farko da aka zaɓa majalisar tarayyar Barazil a 1982, wanda ya shahara da yawo da rikoda yana ɗaukar alkawuran jami'an gwamnati don kada su musa daga baya. Al'ummar da ta haifi irin wannan mutum ta san darajar na'urar ɗaukar murya, ta kuma san amfanin a ji ta a waje. Sun karɓi baƙin da yardarsu, an rubuta sunansu a kundin, kuma dubban ɗaruruwan matasa a Turai da Amurka da Asiya sun fara jin sunan Xavante ta wannan hanya. Haka kuma Sepultura ba ita kaɗai ke wannan tunani a gida ba. A Recife, Chico Science da Nação Zumbi sun haɗa gangunan maracatu da jitar lantarki a kundinsu na 1994. Roots reshe ne na wata muhawara da matasan Barazil ke yi a tsakaninsu game da yadda za a zama na zamani ba tare da an zama kwafin Amurka ba.

Tuhuma ta uku ta masu tsantseni ce, waɗanda ke cewa babu dole a canza. Suna kafa hujja da Slayer, wadda ta fitar da Divine Intervention a 1994 da gudunta na da, ta kai mataki na 8 a Amurka, da kuma Overkill da Sodom da suka ci gaba da aiki har thrash ya farfaɗo bayan shekara ta 2000. Wannan hujja ta nuna cewa tsayawa a kan salo hanya ce mai mutunci, kuma babu mai musun haka. Abin da ba ta nuna ba shi ne cewa ita ce ta dace da Sepultura. Slayer na cikin waɗanda suka ƙirƙiri salon, don haka tsayuwarta a kansa tsayuwa ce a kan abinta. Sepultura ta koye shi ne daga kaset ɗin da ke shigowa Barazil da ƙyar, ta ƙware har ta kamo malamanta a Arise. Da ta tsaya nan, da ta ci gaba da zama gwanar ɗaliba a makarantar wasu. Ma'aunin amana ga mai fasaha shi ne ko abin da ya fitar ya yi daidai da abin da ya sani kuma ya rayu a cikinsa, kuma a wannan ma'auni Roots ya fi Beneath the Remains kusa da rayuwar waɗanda suka yi shi.

Akwai kuma masu nuni da abin da ya biyo baya. A watan Disambar 1996, bayan wasan da suka yi a Brixton Academy na Landan, Max ya bar ƙungiyar. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa kundin ya raba kan makaɗan. Abin da aka sani ya saɓa wa haka. Rikicin a kan manaja ne: sauran ukun sun so su sallami Gloria, wadda ke kula da harkokinsu kuma matar Max ce, a shekarar da ɗanta Dana Wells ya rasu a hatsarin mota. Bayan rabuwar kuwa kowane ɓangare ya ci gaba a kan turbar Roots. Max ya kafa Soulfly ya ƙara zurfafa cikin gangunan Barazil, Sepultura ta ɗauko mawaƙi Derrick Green ta kuma yi aiki da makaɗan taiko na ƙungiyar Kodo ta Japan a kundin Against na 1998. Da salon ne ya raba su, da an ga ɗayansu ya gudu daga gare shi.

Kare kundin ba ya nufin wanke shi daga aibi. Ya haura minti 70, wasu waƙoƙin rabinsa na biyu suna maimaita juna, kuma wanda ya ƙaunaci kaifin yatsun Kisser a Arise yana da dalilin jin an rage masa wani abu. Cikin waɗanda suka biyo sawunsa akwai da yawa da suka ɗauki kaurin jita suka bar tunanin, suka cika kasuwa da hayaniya marar ma'ana a ƙarshen shekarun 1990. Wannan ma yana cikin lissafin.

Amma tasirin da ya daɗe ya bi ta wata hanyar. Slipknot ta ɗauki kundinta na 1999 tare da Robinson a Indigo Ranch, da makaɗan ganga biyu ƙari a kan mai ganguna na ainihi. Gojira ta Faransa ta fitar da waƙar Amazonia a 2021, ta haɗa da tara kuɗi don al'ummomin asali na Barazil. Alien Weaponry ta New Zealand tana rera metal da harshen Maori, Bloodywood ta Indiya tana haɗa shi da gangar dhol, Arka'n Asrafokor ta Lome a Togo kuma tana yin sa da harshen Ewe da gangunan yankinta. Ba kowace daga cikinsu ce ta sha kai tsaye daga Sepultura ba, amma dukkansu suna aiki ne a filin da Roots ya faɗaɗa, inda makaɗin metal daga wajen Turai da Amurka ba ya bukatar ɓoye inda ya fito kafin a saurare shi. Kafin 1996 asalin irin wannan makaɗi nakasu ne da yake ƙoƙarin rufewa. Bayanta ya zama jari.

Yayin grunge ya wuce, na nu metal ma ya wuce, thrash ya dawo ya samu sababbin matasa. A ƙarshen 2023 Sepultura ta sanar da rangadin ban kwana bayan shekara 40 tana aiki, kuma waƙoƙin Roots na cikin waɗanda jama'a suka fi jira a kowane dandali. Kundayen da aka ɗinka daidai da bukatar rediyon 1996 sun tsufa tare da wannan rediyon. Roots ya saurari zamaninsa, ya ɗauki abin da zai amfane shi, ya zuba shi a kan abin da makaɗansa suka gada, kuma a kan wannan ne ya cancanci a lissafa shi cikin amsoshi mafi inganci da wata ƙungiyar thrash ta bai wa sauyin zamani.